Mashin Ɗin Da Muka Tura Da Hannu

Jama'a, yau mashin ɗaya ya watsa unguwarmu a Babban Duhu!

Ina ɗaure awaki bayan La'asar sai muka ji ruri daga hanyar Safana. Ƙasa har rawa take! Wani ya ƙwala ihu: "Ga ɓarayin daji nan! Mashina ne da yawa!" Mata suka suri yara, kowa ya faɗa cikin gero.

Ashe yayana Sanusi ne shi kaɗai, daga Abuja! Ya zo ya nuna wa Innarmu mashin ɗin da ya saya. Injinsa ya fi na ƙaramar mota, salansa biyu, tayar baya kamar turmi.

A gona muka samo Inna, ba takalmi.

Sanusi ya durƙusa. "Inna, ni ne. Don ki gani na kawo shi."

Ko kallon mashin ɗin ba ta yi ba. Ta ce, "Irin ƙarar nan na ji ranar da aka tafi da babanku."

Bai sake tayar da shi ba. Da hannu muka tura shi har bayan gari, Sanusi na riƙe da kan mashin ɗin yana hawaye.