Ƙibar Habi a Shekarar Fari

Duk matar da ta haihu tsakanin Isa da Sabon Birni ta san babban yatsan Sista Kadijatu. Ba ta amsa gaisuwar mai jego sai ta duƙa ta danna mata ƙwauri. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, to uwar yarinya ta shiga uku, don Sista ba ta iya sassauta murya ba. Masifaffiya ake ce mata. Masu faɗin haka ba su san mafarin abin ba.

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, tana ƙaramar nas a Isa, aka ba ta gurbin kwas na shekara guda a Zariya, kan jinyar masu ciwon zuciya. Shekara uku tana neman gurbin nan. Ana jibi tafiya ta je Unguwar Lalle yin sallama, ta ga ƙanwarta Habi mai jegon sati uku.

Gari ya bushe ƙayau, rumbuna wayam, kowa ƙashin wuya a waje. Inna Saude, mahaifiyarsu, ta tarbe ta da fara'a.

"Taho ki ga ikon Allah! Garin ga kaf, ɗiyata kaɗai ka da nama a jiki."

Habi na zaune jingine da bango, fuska suntum, ƙafafu kamar turmi, tana jan numfashi da ƙyar. Ta ce, "Yaya, in na kwanta sai in ji kamar an shaƙe ni."

Kadijatu ta danna ƙwaurin. Ya lotsa, bai taso ba. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Kunun kanwa ke tara shi a jiki, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma na ƙara wa zuciya wahala, har ta gaza.

Ta juyo za ta yi magana, sai idonta ya sauka kan hannun Inna, fata da ƙashi. Ashe tsohuwar nan rabonta na gero take dama wa Habi, ita ta wuni a kan ganyen tafasa. Itacen wanka kuwa tun daga bakin gulbi take ɗauko shi a ka. Wayyo, da wane baki za a ce mata wahalarta ce ke kashe 'yarta? Tausayi ya ɗaure wa Kadijatu harshe.

"Inna, a ɗan rage kanwa. Kuma za ni so a kai ta asibiti."

"Asibiti kahin arba'in? Mi aka yi? Yarinya lahiya lau, sai nauyin jiki."

Ba ta yi musu ba. Ta bar ƙwayar sa fitsari ta kwana goma, ta ce wa ranta ai za ta aiko da wata. Ta hau mota.

A satinta na uku a Zariya likitan da ke koyar da su ya tsaya bakin gadon wata mai jego mai kumburi irin na Habi, ya ce irin wannan ba a lallashin dangi, ɗaukar ta ake yi zuwa asibiti ranar da aka gani. Kadijatu ta rubuta a littafi. Kafin ta sami izinin zuwa gida, wani direban garinsu, Bawa, ya iso da saƙo: an binne Habi ranar Talata.

Ta ƙare kwas ɗin. Aka ba ta aiki a Sakkwato, ta ƙi, ta koma Isa, nan ta tsufa. Ta yi wa iyaye mata ɗari tsawa, ta kifar da kunu a gidajen da ba a gayyace ta ba.

Gida ɗaya ne ba ta taɓa buɗe baki ba. Ranar da ta je gaisuwa, Inna ta kama hannunta ta ce, "Abu guda ka sanyaya min rai, Kadi. Ba yunwa ta kashe ta ba. Ko kwana guda ban bari ta rasa kununta ba."

Kadijatu ta ce, "Haka ne, Inna."

Inna Saude ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya tana faɗin haka, Kadijatu na amsawa.