Mayen ƙarfe a gwangwanin Alhaji

Kakana, da muke kira Alhaji, ya yi aikin kwamfuta a wani ofis kafin ya yi ritaya. A ɗakinsa, a gidanmu na Gyadi-Gyadi, akwai gwangwanin biskit a saman kabad, cikinsa da wani ɗan kaset baƙi da bai kai tafin hannuna ba. Kaset ne na kwamfuta. A jikin zarensa Alhaji ya adana salsalar danginmu, wadda ya ji daga bakin tsofaffin ƙauyenmu. Takardun da ya fara rubutawa gara ta cinye, tsofaffin kuma sun rasu.

Kaset ɗin kwamfuta iri-iri ne, kowanne da injin da ke karanta shi, nasa kuwa an daina yayinsa. Alhaji ya shekara yana cigiyar injin.

Ina aji biyar na tsinci mayen ƙarfe, irin na cikin lasifika, a bakin shagon mai gyaran rediyo. Ƙannena suka sa masa ido, sai na ɓoye shi inda ba mai taɓawa, a gwangwanin Alhaji, manne da kaset ɗin. Ya yi wata uku a wurin kafin na ɗauke.

Sai bana malamar kimiyya ta faɗa mana a aji cewa mayen ƙarfe yana goge abin da ke kan zaren kaset. Nan take na tuna da gwangwanin Alhaji.

Bayan hutu wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Filato da ke Tarauni, ya aiko cewa ya samo injin. Alhaji ya sa babbar riga.

“Taso, amarya, ki riƙe min gwangwanin. Yau za ki san gidan da kika auro.”

A gidan abokin, injin ya haɗiye kaset ɗin, ya yi ta ƙugi, ya tofo shi. Sau huɗu.

“Alhaji, babu komai a ciki,” in ji abokin. “Wataƙila zafi ne. Ka san zafin Kano.”

“Haka Allah ya so,” in ji Alhaji.



A Adaidaita Sahu ya miƙo min gwangwanin, wai in riƙa zuba allurai. Har yau ban faɗa masa ba. Ran Asabar nakan zauna gabansa da littafi, yana jero sunaye da ka, ina rubutawa. Kullum a kaka na shida yake tsayawa, ya daɗe yana kallon kabad.