Baban Kowa

Jiya a tashar bas ta Aldwych, a nan Landan, wata mata ta riƙe hannuna. "Ke ce 'yar marigayi Baba, ko? Shi ya kai mu Gombe aikin bishara. Ni dai uba ya zame mini." Na yi mata murmushi.

Mahaifina ne ke jagorantar 'yan sa-kan cocinmu da ke zuwa Najeriya na 'yan makonni lokacin hutu. Kafin su tashi, falonmu kan cika da jakunkuna da ƙamshin ƙosan da yake soya musu da hannunsa. Yakan dafa kan kowa ya yi addu'a, wannan "ɗana", waccan "'yata". Ni kuwa ina kicin ina wanke kwanoni.

Ranar bikin kammala karatuna a Bloomsbury, muna shirin ɗaukar hoto aka kira shi. Wata cikinsu ta dawo da zazzaɓin cizon sauro, tana kwance a asibiti.

Na ce, "Baba, yau ma?"

Ya gyara mini hula, tafinsa da ɗumi. "Uwata, ke kina da ni kullum. Ita yau ba ta da kowa."

Ya tafi. A hoton, ni da Mama ne kawai.

Ba na musun alherinsa, amma har yau ina kishinsu. Ubangiji ya ba shi hutu. In mun sake haɗuwa, ya Ubangiji, ka bar mini shi ni kaɗai, ko na yini guda.