Ranar da Na Kankare Ƙarƙashin Motar Baba

Aikin nan ya ba ni wahala. Na yi dako a kasuwar Taminus, na yi lodin dankali cikin sanyi, amma ban taɓa cin baƙar wuya irin ta ranar da na shiga ƙarƙashin motar Baba ba.

Shekarun baya ne, bayan rasuwar mahaifina. Abin da ya bar mini ke nan, tsohuwar motarsa da ya yi shekaru yana jigilar kayan gwari da ita daga ƙauyukan masu haƙar kuza. Wanda ya san hanyoyin nan da damina ya san jar lakarsu. Ta manne a ƙasan motar, rana ta gasa ta, wata ta hau kan wata, har ta zama kamar siminti. Baba bai taɓa wanke wurin ba. Ni a zatona lalaci ne irin na tsufa.

Sai aka aiko cewa yayan mahaifiyata yana kwance a ƙauye, jiki ya yi tsanani, yana ta kiran sunanta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ita kuma Inna ba ta shiga motar haya, jiri take yi har da amai. Motar Baba kaɗai take iya zama, a gaba, gilashi a sauke. Muka tsayar da tafiya safiyar Lahadi.

Ranar Juma'a bayan masallaci wani abokina direba ya leƙa ƙasan motar, ya kwashe da dariya.

"Kai, wannan ai gona ce kake yawo da ita. Ka zuba iri mana, kafin ku isa ƙauye masara ta fito."

Mutane suka yi ta dariya. Abin ya tsaya mini a rai. Dangin uwa za su taru, a ce ɗan marigayi ya zo da mota kamar an tono ta daga rami?

Asabar da safe na kai ta wajen wanki. Suka yi ta feshi da inji, lakar ko gezau. Na dawo gida Tudun Wada, na ɗaga ta da jak, na tokare da bulo, na fiƙe bakin wani guntun rodi, na ɗauki guduma na kwanta a ƙasa. In ka buga, ɓarɓashi ya zubo maka a ido. In ka jiƙa, jan ruwa ya bi hannunka har hammata. Na fasa yatsa sau biyu. Bayana har yau yana tuna mini.

Maƙwabcina mai walda, Inyamuri ne, tun ina saurayi shagonsa yake jikin gidanmu. Ya zo ya durƙusa yana kallona.

"Oga Direba, bar wannan laka. Shi da mota sun zama abu ɗaya. Babanka ya sani."

Na ce, "Oga, je ka yi waldarka. Ni na san motata."

Ya ce to, ya tafi.

Wajen la'asar na kai daidai ƙasan kujerar gaba. Na saka rodi, na buga da ƙarfi. Wani ƙaton gutsure ya faɗo mini a ƙirji, ya kai faɗin faranti. Da na juya shi sai na ga ƙarfe manne a bayansa, tsatsa ta cinye shi kamar ganyen da tsutsa ta bi. Na ɗaga kai, ina kwance a ƙasa ina hango rufin motar ta ciki. Daidai inda Inna take ajiye ƙafa. Na taɓa gefen ramin da yatsa, shi ma ya rufta.



Inna ta fito da buta a hannu. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana. Ta leƙa ta tagar motar, muka haɗa ido ta cikin ramin.

"Kai, wa ya aike ka?"

Ta ajiye butar, ta ci gaba.

"Mutumin nan shekara nawa yana bin ta a hankali, kai ka gama da ita a yini ɗaya. In yayana ya tafi ban gan shi ba, ka sani."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ta shige ciki. Gara ta mare ni.

Na je shagon mai walda da kunyata. Na tarar yana rufewa, gas ɗinsa ma ya ƙare sai an kawo da dare, gobe kuma coci. Ya kalle ni sama da ƙasa, ja wur kamar an tsamo ni a rini.

"Ka san motarka, ko?"

Na ce, "Ban sani ba, Oga. Saboda Inna ne."

Ya yi tsaki. "Kawo ƙarfe da asuba. Ƙarfe takwas ina coci, ko ka gama ko ba ka gama ba."

Har yau in na ga tsoho ya bar wani abu yadda yake, ba na saurin cewa lalaci ne, sai na tambaya. Kuma na daina gyara abu don bakin mutane. Allah ya rufa asiri mun samu kawu da ransa, amma saura kaɗan dariyar mutane ta sa in ɗauki abin da ba zan iya saukewa ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na zubar da ruwan duron gidanmu, na mirgina shi zuwa shagon. Ya yanko gefensa, ni na riƙe, shi yana ƙonawa, sanyi na kaɗa mu. Bakwai da rabi ya wanke hannu ya tafi saka kayan coci. Na shimfiɗa buhu a kan facin, na buɗe wa Inna ƙofar baya don ban gama yarda da aikin ba. Ta wuce ni ta buɗe ta gaba. Ta taka wurin sau biyu da ƙarfi, ta zauna, ta gyara mayafi.

"Mu tafi."

Na tayar da mota.