Darar Gajere Ta Tsiro

Gajere dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga aji. Sunan tun yana yaro aka laƙaba masa, ya girma ya bar sunan a ƙasa. Shi ne mai gadin lakwal ɗin da nake koyarwa, a wani ƙauye kusa da Kwaya, amma abin da yake gadi tsakani da Allah shi ne gonar da ke bayan azuzuwa. Marigayi mahaifinsa ne ya ba lakwal ita kyauta don yara su koyi noma.

Mu malamai muka ɓata abin. Wanda ya makara, a miƙa masa hauya. Wanda ya yi surutu, ya nome kunya biyu. A hankali yara suka ɗauki noma horo ne, ko kallon gonar ba sa son yi.

Ran nan darakta, Mushe Zubairu (Mushe ake ce wa malami a lakwal), ya ce, "Baba Gajere, in damina ta faɗi bana babu yaron da ya shiga gonar nan don ransa, filin ƙwallo za ta zama."

"Gonar baban nawa, Mushe?"

"Ita fa."

Gajere dai gwanin dara ne, ya sha sa dattawan bakin masallaci tashi da fushi. Sai ya shiga tsakiyar gonar da sungumi ya sassara gurabe layi-layi, darar da ta kai faɗin aji uku. 'Ya'yan wasan gero ne da wake da gyaɗa. Wanda ya jera wake kusa da gero ya ci. Wanda ya maimaita gero sau uku a gurbi ɗaya, ƙuduji, ciyawar nan mai shanye gero, ya kashe shi. Akwai kuma sakaina a buhu, kowa ya zara: wata an zana mata fara, wata ruwa, wata saniya. Saniyar nan ta jawo rigima, don in ta zo bayan girbi taki ce, in ta riga girbi ɓarna ce.

Ranar farko wasan ya tashi a minti goma, yara sun cinye gyaɗar. Rana ta biyu ma haka. Na ga Gajere zaune ya yi tagumi, har ya ba ni tausayi, ko da yake ni ma na ci guda uku.

Sai ya kafa doka: wanda ya ci gurbi ya binne irinsa da dunduniya, gurbin ya zama nasa. Daga nan wasa ya kankama. Shatu 'yar aji biyar, wadda ko jadawalin lissafin sau bakwai ba ta iya ba, ta mallaki gurbi goma sha ɗaya, ta san kowanne kamar gadonta.

Saura mako guda a yi hutu, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kwana huɗu bayan haka Mushe Zubairu ya iso da amalanken jaki ɗauke da itacen ragar ƙwallo. A ganinsa dara ba noma ba ce, kuma wa'adi ya cika.

Ya tarar da gonar cike da yara, kowa tsugune kan gurbinsa. Darar ta tsiro, gero ga wake a gefensa. Shukar binne suka yi tun da rani, ba su sani ba. Na tambayi Gajere ko da gangan ya yi, ya ce shi dai gyaɗarsa yake karewa. Ban yarda ba har yau.

Darakta ya ɗaga ƙafa zai shiga, Shatu ta sha gabansa.

"Mushe, ka bi ta gefe, nan nawa ne." Sannan ta waiwaya. "Baba Gajere, a ba ni aron hauya, ciyawa na son cinye mini gurbi."

Gajere ya tafi ɗauko hauyar yana goge ido da hannun riga, wai ƙasa ce ta faɗa masa.