Wayar da Aka Binne da Sabo

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanina, Alhaji Sabo. 'Ya'yansa za su rubuta yabo. Ni abin da na gani zan faɗa.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke a Lakwaya. Ni aka cire daga aji huɗu aka miƙa mini garma, shi aka bari ya yi boko har ya samu kujera a gwamnati. Shekarun da ake ta zancen Shari'a, talaka na fama da abin sawa a baki, sai bakinsa ya karkace. Likitoci suka ce jijiyar jini ce ta tsuke a ƙwaƙwalwarsa. Nan da nan abokan aikinsa suka kwashe shi sai Masar, aka sa masa wata 'yar waya mai kamar raga, ta buɗe hanyar. Ya dawo da ƙafarsa, gari ya sa masa suna Mai Waya. Ko a ciwo ma ya fi ni, nasa na jirgin sama ne.

Ranar da ya rasu ni na yi masa wanka. Sai gardama ta kaure a zaure. Surukansa daga Masanawa suka dage wai wayar ta zinare ce, namiji kuwa ba ya sa zinare, sai an ciro ta kafin a kai shi. Aka ce in duba. Na shafa kansa gaba da baya, ba ɗinki, ba tabo. Ashe ta cinya aka zura ta. Liman ya ce, "Malam Ado, rufe ɗan'uwanka. Abin da ke cikin mutum nasa ne."

Kwanan baya hannuna na hagu ya fara sakin kofin shayi. Likita a Kano ya nuna mini hoton kaina, ya ce jijiya ce ta tsuke, irin ta Sabo ke nan. Na tambaye shi batun sa wayar, ya dubi takalmina, ya rubuta mini ƙwayoyi. Na je wa babban ɗan Sabo, ya ce, "Baffa, sai dai addu'a, ka ga yadda ƙasar take."

Da ubansa na raye fa? Na san halinsa. Zai kai ni, sannan ya tabbatar duk Gwarzo da Kabo sun ji. Wallahi da na yarda.

Gidansa an raba, kujerarsa wani ke kai. Wayar kuwa an ce ba ta tsatsa. Tana can maƙabarta a buɗe, ba jinin da zai bi ta, ni ga jinin, ba hanya. Allah ya jiƙan Sabo. Da hannuna na tura mata ƙasa.