Kafaɗar Rumbu: Daga Tsafe Zuwa Bungudu

ASABAR DA SAFE: TSAFE

Ana kiran assalatu na fito da jakata da butata. Mai ɗakina Hajara ta biyo ni har zaure ta ce, "Malam, ni ba kofi na aike ka ba. Kafaɗar yarona za ka dawo min da ita." Na ce to. Na rubuta wannan labari ne domin abokan karatuna na ajin yaƙi da jahilci, waɗanda suka dame ni da tambayar yadda aka yi na tafi a motar 'yan ƙwallo na dawo a kan buhunan albasa.

Yaron da take nufi ɗanmu ne Sani, wanda duk Tsafe ke kira Rumbu saboda girman jiki. Ni magini ne, kuma tun tasowarsa shi ke cilla mini tubali ina bisa katanga. Bara waccan aka ɗauke shi a kulob ɗin Alhaji Mudi, ba don ya iya ƙwallo ba. Aikinsa shi ne ya tokare mutane da ƙirji domin Nura, ɗan Alhaji, ya samu fili ya ci. A kulob ɗin ko sunansa ba a damu da sani ba. Wata rana ƙwallo ta fita gefe, babu kowa kusa sai shi, ya ɗauka ya jefa kamar yadda ya saba jefa mini tubali. Ba ta sauka ko'ina ba sai bakin ragar mutane.

Daga ranar kulob ɗin ya huta da wahalar koyon ƙwallo. Dabararsu ta zama guda: a buga wa abokin gaba ƙwallo a ƙafa ta fita waje, a kira Rumbu. Jifan dama shi, na hagu shi, tare mutane shi, ɗora kaya bisa mota ma shi. Ana haka kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, har ya koma kai loma baki yana sunkuyar da kai. Mai ɗori ya duba ya ce ya bar jifa sai bayan kaka, in ba haka ba hannun zai saki. Ga shi kuma an kai wasan kusa da na ƙarshe a Gusau, in an ci a wuce Bungudu ɗaukar kofi. Dalilin tafiyata ke nan.

Mun taru a tasha tun da duhu, amma ba mu motsa ba sai ƙarfe bakwai, don direbanmu Ɗanjuma ya ce shi ba ya gaisawa da hanyar Gusau sai rana ta fito. Alhaji ya iso a motarsa mai sanyi, ya sauke gilashi kaɗan ya ce mu shiga gaba, shi zai biyo baya yana lura da mu.

"Awo," in ji Ɗanjuma bayan gilashi ya rufe. "In hanya na da lafiya mu za mu fara sani. In babu ma mu ne."

HANYA

A shingen farko jami'i ya leƙo ya ce, "Ina mai jifan nan?" Aka nuna masa Rumbu. Ya sa aka fito da shi suka yi hoto, ya dafa kafaɗar da ke ciwon ya girgiza ta don jin daɗi. Na ga yaron ya cije leɓe. Ɗanjuma kuwa murna ya yi, don an ce mu wuce ba a nemi na goro ba.

Mun tsaya a Kwatarkwashi, gindin dutse, muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ɗari biyar guda bakwai ne, kuma kowane ɗaya za ka iya leƙa rana ta cikinsa. A nan igiyar kaya ta kwance. Samari goma sha takwas suna tsaye, Koci Bala ya ce, "Rumbu, hau ka ɗaure."

Na ce, "Koci, waɗannan fa? Azumi suke yi?"

Ya ce, "Baba, su ƙafafunsu muke tattali."

Na cire hulata na hau na ɗaure da kaina. Ba wanda ya hana ni.

GUSAU

Ƙarfe tara da rabi muka shiga Damba, bakin garin Gusau. An sauke mu a wani kangon gida na ƙanen Alhaji, babu ƙyaure babu taga, aka shimfiɗa mana tabarmi. Na duba katangar na ga ta karkata, na matsar da tabarmata tsakar ɗaki. Alhaji ya ce shi zai sadaukar da kansa ya kwana a otal, don ya kasance kusa da masu shirya gasa. Da rana aka kawo shinkafa da wake a bokiti, da mai ɗan kaɗan wanda sai ka yi imani kafin ka gan shi.

Bayan la'asar aka take wasa. Ni ban san ƙwallo sosai ba, amma na san aiki in na gan shi, kuma mutum ɗaya na ga yana yi. Ya jefa daga dama, ya ruga baya ya tare, a kira shi hagu ya jefa. 'Yan kallo suna ta ihu, "Rumbu! Rumbu!" Na fara ƙirga jifan har na gaji na bari. Nura kuwa yana bakin raga yana gyara safa. Ana dab da tashi wani jifa ya zo ya bugi Nura a ƙeya yana kallon wani wuri, ƙwallo ta gangara raga. Ɗaya da nema.

Alhaji ya shigo fili da babbar riga yana ɗaga hannun ɗansa. "Kun ga jini ko? Ko bai duba ba ci yake yi!"

Da muka koma kango, Rumbu ya kasa cire rigarsa. Ni na zare masa ita kamar yaron goye. Kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi kamar dutsen guga. Na dafa ruwa a wurin mai shayi na gasa masa. Ya ce, "Baba, kar ka gaya wa Inna."

Na ce, "Innarka ta riga ni sani. Ci abinci."

LAHADI: GUSAU ZUWA BUNGUDU

Mun bar Damba ƙarfe sha ɗaya, muka ratsa gari muka ɗauki hanyar Sakkwato. Motar ta ƙaru da mutum ɗaya, wani mai jakar hannu da Alhaji ya turo, ana ce masa Dokta. Ɗanjuma ya raɗa mini cewa shagon magani gare shi, kuma kafin nan batir yake sayarwa. A Furfuri muka tsaya aka zuba wa mota ruwa, na sayi fura mai kyau, na sha rabi na miƙa wa Rumbu. Da hagu ya karɓa, ya ba ni haƙuri.

A hanya na tambaye shi, "Kai mi kake so?"

Ya ce, "Ina son in buga, Baba. Da can ba wanda ya san sunana."

"Na ji. Jifan fa?"

"In na ce ba ni iyawa, Alhaji zai ce na ci amana."

A nan na ga ba hannun kawai ke masa ciwo ba.

Mun isa Bungudu kafin azahar. Filin a bayan wata makaranta yake, an zagaye shi da igiya, an kafa wa manya rumfa da kujerun roba. Kofin yana bisa tebur an rufe shi da leda. Bayan mun yi salla aka tara 'yan wasa a gindin darbejiya, Dokta ya buɗe jakarsa ya zuƙo allura zai yi wa Rumbu a kafaɗa, Alhaji yana tsaye a kansa.

Na ce, "Dokta, wagga allura warkarwa take yi?"

"Tana ɗauke zafi, Baba. Ba zai ji komai ba har a tashi."

"In an tashi fa?"

"To, wannan kuma sai yadda Allah ya yi."

Alhaji ya ce, "Malam Garba, kar ka kawo mana ƙauyanci. Yaron nan kamar ɗana yake. Ni na fito da shi duniya ta san shi."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya saka. Tun da kamar ɗanka yake, a fara yi wa Nura mu ga yadda take."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Na juya wurin yarona, na yi magana yadda kowa zai ji, don kada laifin ya hau kansa. Na ce, "Sani, ƙafarka da kanka da ƙirjinka na kulob ne, ka ba su duka. Hannu kuwa na uwarka ne, ni ma ajiya aka ba ni. Ban yarda ka yi jifa ko ɗaya ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Na ji numfashin da ya sauke.

Alhaji ya ce a cire shi gaba ɗaya. Koci Bala ya yi ta sosa ƙeya, ya ce in an cire shi babu mai tare kowa. Aka bar shi. Sai maganar wanda zai yi jifa ta taso, aka duba aka ga shekara biyu ba wanda ya taɓa gwadawa. Alhaji ya ce, "Nura zai yi. Mi ke cikin jifa?"

WASAN ƘARSHE

Jifan Nura na farko, alƙali ya busa ya ce ya ɗaga ƙafa. Na biyu ya ce hannu ɗaya ya sa. Na uku ya yi daidai, sai dai ɗan Bungudu ya miƙa wa. Mutanen gari suka fara yi masa tafi duk lokacin da ya nufi layi. Kafin a tafi hutu an zura mana biyu. Ina zaune bakin igiya, magoya bayanmu suna wucewa suna yi mini sannu irin wadda ba ta alheri ba. Wani ya ce, "Tsoho, ka kyauta." Na ce masa madalla.

Da aka dawo, Koci ya rasa abin yi da Rumbu, tun da ba ya bakin layi. Ya daka masa tsawa ya ce, "Tafi gaba ka tsaya musu a wuya!" Ya tafi. A nan muka ga abin da ba wanda ya taɓa tunani, don duk shekarun nan mai jifa yana waje ne lokacin da ƙwallo ke sauka. Aka ɗago wata sama, ya tare ta da ƙirji, mutum biyu suka rataye shi kamar 'yan akuya, bai motsa ba. Ya ajiye wa wani yaro, yaron ya buga sama da raga. Aka sake, ya sake tarewa. 'Yan bayan Bungudu suka fara zagin juna.

Saura kaɗan a tashi muka samu bugun kwana. Ƙwallo ta taso, na ga kan ɗana ya fi na kowa tsawo, na ji tim, raga ta motsa. Ban san lokacin da na tsallake igiya ba, sai da wani ɗan sintiri ya maido ni. Wannan ce ƙwallo ta farko da ya taɓa ci a rayuwarsa. Ya ɗaga hannu ɗaya, na hagu.

Ta biyu ba ta zo ba. Aka tashi biyu da ɗaya, aka yaye wa kofi leda aka ba Bungudu.

Alhaji ya same ni a bakin mota. "Malam Garba, ka ji daɗi? Ka raba garinmu da kofi saboda kafaɗa guda."

Na ce, "Alhaji, kofin za a sake sawa baɗi. Kafaɗar ban ji inda ake sayarwa ba."

Ya ce motar kulob ta 'yan kulob ce, kuma daga yau ni da ɗana ba ma ciki. Ɗanjuma ya sauko mana da jakunkunanmu da kansa, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ku yi haƙuri, Baba. Gobe za su nemi mai ɗaure kaya." Koci Bala ya zagayo ta bayan mota kamar mai neman wurin fitsari, ya ce wa Rumbu, "In ka warke ka neme ni. Gaba za ka koma. Alhaji zai huce, ba shi da wani." Ya waiga, ya yi sauri ya shige.

LITININ: KOMAWA GIDA

Mun kwana a Bungudu a zauren wani magini da muka taɓa aiki tare, ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, abinci na farko na kirki tun da muka bar gida. Da safe muka shiga ƙaramar mota zuwa Gusau, mu huɗu a baya, Rumbu shi kaɗai ya cinye wurin biyu, aka caje mu kuɗin uku. Daga Gusau muka samu motar albasa mai zuwa Funtuwa, muka hau bisa buhuna. A shingen nan na farko jami'in ya gane shi, ya ce, "Mai jifa! Ina kofi?" Rumbu ya ce, "Yana Bungudu, ranka ya daɗe. Lafiyarsa lau."

Mun sauka Tsafe ana kiran azahar, muna warin albasa. Hajara tana zaure, da alama tun safe. Ba ta tambayi wanda ya ci ba. Ta ce, "Ɗaga hannun in gani." Ya ɗaga a hankali har ya kai kunne. Ta taɓa, ta danna, ta dube ni ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Akwai ruwan wanka."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ɗanjuma, da mai masaukinmu na Bungudu, da direban albasa. Na gode wa Alhaji Mudi, wanda jiya ya aiko a gaishe da ɗansa Rumbu, a kuma tambaya yaushe za a fara atisaye. Hajara ta ce a gaya masa bayan kaka.